Yadda Ake Haɗa Gajeren Fim na Gaskiya a Kan Garin da Masana'antu Ke Sauya wa Kama

Wanda ya daɗe bai bi hanyar Kano zuwa Zariya ba, in ya iso wajen Tamburawa ko Kura sai ya riƙa waige-waige. Inda ya san gonar dawa, yanzu doguwar katanga ce da tireloli jere a bakinta. Inda ya san mata na shanyar gumi, yanzu injin casa ne ke ruri dare da rana. Irin waɗannan garuruwa na fi ɗauka. Na jima ina yin gajerun fina-finai na gaskiya, wato waɗanda babu jarumi babu ƙagaggen labari, mutanen gari ne ke magana da bakinsu, kuma da kuɗin aljihuna nake yi. Ga yadda nake haɗa fim na minti 10 zuwa 15. Da "kai" zan yi magana, amma har da ke, domin akwai ƙofofin da mace kaɗai ake buɗe wa a wannan aiki.

KAYAN AIKI

Waya mai ɗaukar hoto a 1080p, wato ma'aunin tsabtar hoto da za ka gani a saitin kyamara, ta isa. Kada ka ci bashi don sayen kyamara. In kana da 'yan kuɗi, makirfo za ka fara saya, ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga, tare da soson da ake rufe kansa saboda iska. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa zai wuce. In babu makirfo, ari waya ta biyu, ka kunna rikoda, ka sa ta a aljihun gaban rigar mai magana, bakinta na kallon sama.

Sai sitanda mai ƙafa uku. In babu, kifa turmi ka ɗora buhun da aka zuba wa yashi ko gero rabi, ka nutsa wayar a ciki; ba za ta motsa ba. Sai fawa-bank biyu, iyafis na sauraron abin da ake naɗa, memori ko filash, littafi da biro, ƙyalle mai laushi na goge idon kyamara, da lema, ta rana da ta ruwa. Farin kwali ko farin zani zai maye maka fitila: a riƙe shi ta gefen da ke da inuwa ya mayar da haske kan fuska. Ka tanadi goro da kuɗin mai, da abokin tafiya guda ɗaya. Mutum biyu sun isa; da kun kai biyar kun zama abin kallo.

Awa ɗaya ta hoto a 1080p takan ci wajen giga 6 zuwa 8, fim na minti 12 kuwa nakan ɗauko masa awa 6 ko fiye. Yi lissafin memorinka a kan haka.

1. ƘUNTATA WURIN, KA SAMO MUTUM ƊAYA

Kuskuren da kowa ke fara yi shi ne ya ce zai yi fim a kan "yadda Kura ta canja" ko "masana'antun Challawa". Wannan ya fi ƙarfin minti 12, kuma canji ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto. Abin da kyamara ke iya kamawa shi ne mutum da abin da ke hannunsa. Don haka ka rage har sai ka iso kan layi ɗaya, ko karofi ɗaya, ko bakin ƙofar kamfani ɗaya, sannan ka nemi wanda canjin ya bi ta kansa: matar da ta yi shekara 30 tana turara shinkafa a durom, manomin da ya sayar da gona yanzu yake gadin abin da aka gina a kanta, ɗan dako, mai shayin bakin get, ko ɗan marinin da ya bar rini ya koma direban inji.

Gwajin da nake yi shi ne in faɗi fim ɗin a jimla ɗaya. "Dattijon da ya rage a mabugar rinannun tufafi yana koya wa jikansa bugu, jikan kuma hankalinsa na wajen injin casa." In jimlar ta ƙi haɗuwa, ban samu fim ba tukuna.

Ba dole sai garin da ke bunƙasa ba. Wanda ya ja baya ma labari ne. Malam Madori a Jigawa tashar jirgin ƙasa ce ta raya shi, a kan layin Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, lokacin da gyaɗa ke tashe. Tsohon lebura ɗaya da ya yi lodi a tashar nan ya ishe ka fim.

2. BI TA ƘOFA

Kada ka fito da waya a ranar farko. Nemi ɗan gari ya kai ka wurin mai unguwa, shi kuma ya kai ka wurin dagaci. In aikin zai taɓa maganar filaye, dagaci da kansa zai ce a sanar da hakimi, kuma gaskiyarsa ce. Cire takalmi, ka durƙusa ka yi gaisuwa, ka miƙa goro, ka faɗi abu uku ba kwana-kwana: ko kai wane ne, me za ka ɗauka, ina za a nuna shi. "Ranka ya daɗe, ba gwamnati ce ta aiko ni ba, ba kuma wata ƙungiya ba. Tarihin sana'ar garin nan nake son ajiyewa, kuma kafin a nuna wa jama'a ku za ku fara gani." Maganar ƙungiya ka nanata ta, domin a ƙauye in an ga baƙo da littafi da biro, ana ɗauka sunayen masu samun tallafi yake rubutawa. In ka bar wannan zato ya zauna, duk wanda ka yi hira da shi kukan talauci zai yi maka, daga baya kuma a ce ka ci kuɗinsu.

Izinin dagaci bai shafi cikin kamfani ba. Wannan sai ka rubuta wa manaja takarda, kuma sau da yawa ba za a amsa ba. Na taɓa tsayawa a tsallaken titi ina ɗaukar ma'aikata suna fitowa daga wani kamfani da yamma, ban ankara ba sai jin hannun mai gadi na yi a kafaɗata. Ya karɓe wayar, aka zaunar da ni a ɗakin gadi har bayan magariba, sai da mai unguwa ya zo da kansa aka sake ni, bayan an goge duk abin da na ɗauka ranar. Tun daga nan, masu gadi nake fara gaisarwa kafin in kafa sitanda. In an hana ka shiga, kada ka yi satar hoto. Hayaƙin da ke tashi ta bayan katanga, da ɓuntun da aka jibge a waje, da layin kekuna a bakin ƙofa, sun isa su nuna abin da ke ciki.

Jirgin nan marar matuƙi da ake ɗaukar hoto ta sama, ka bar shi. Yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na jami'an tsaro. Hau soron wani da izininsa, ko tankin ruwa. Kada kuma ka juya kyamara cikin gidajen mutane daga sama.

3. ZAUNA KA SAURARA, KA TONO TSOHON HOTO

Yi kwana biyu ko uku kana zama a majalisa, da teburin mai shayi, da inuwar da 'yan dako ke hutawa. Rubuta kalmomin da suke faɗa. A nan za ka ji abin da ba a faɗa wa kyamara, ka kuma gane wanda ya iya ba da labari. Ba lallai shi ne mai yawan surutu ba. Wanda ya fara rugowa wurinka yana cewa shi ya san komai, yawanci jawabi zai yi maka.

Ka san ɗan tarihin da ya haifar da abin da kake gani, don tambayoyinka su yi nauyi. A yankin Kura da Bunkure da Garun Malam, noman rani ya kafu ne a kan ruwan madatsar Tiga, wadda aka gina a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. Rufe iyakokin ƙasa da aka yi a watan Agusta na 2019 ya ƙara wa shinkafar gida kasuwa, injinan casa suka yawaita. In ka san wannan, maimakon ka ce "yaya da?", sai ka ce "Baba, kafin ruwan Tiga ya iso, me kuke yi da rani?"

Fim ɗin canji yana son hoton da. Tambayi mai hoton garin ko ya ajiye tsofaffi, ka tambayi gidaje hotunan biki da na sallah, domin a bayan mutanen da ke ciki ake ganin yadda gari yake. Ɗauke su a inuwa, a shimfiɗe, ka mayar wa mai su nan take. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun cancanci a leƙa. Google Earth kuma yana da hotunan sama na shekarun baya: za ka iya ganin fili yana gona, sannan ga shi da rufin kwano. In ka sa a fim, ka bar sunan Google a jikin hoton.

4. ZAƁI LOKACI

Daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar zuwa gab da magariba. Tsakar rana tana sa idanu su faɗa rami, farar riga ta ƙone a hoto. Da bazara waya kan yi zafi ta katse ɗauka da kanta, don haka cire mata riga, ka riƙe mata lema. Hazon hunturu yana da kyau a hoton nesa, amma ƙura na shiga ko'ina. Goge idon kyamara kafin kowace ɗauka. Da damina manomi ba shi da lokacinka sai yamma. In shinkafa ce labarinka, kaka ce lokacin da gari ke cika da shanshera da masu awo. Tambayi ranar kasuwa, da lokacin da ma'aikata ke canjin aiki. Ka bar Juma'a da rana, ka kuma ajiye aiki in an kira salla.

5. HIRA

Nan ne fim ke samuwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a kai.

Saita waya tukuna. Sa ta a yanayin jirgin sama, don kira ɗaya zai yanke maka magana a tsakiya. Kwantar da ita, kada ka tsayar. Zaɓi hoto 25 a daƙiƙa in wayarka ta yarda, domin shi ya dace da wutar lantarkinmu, fitila ba za ta riƙa ƙiftawa a hoto ba. A Android, manhajar Open Camera kyauta ce, tana karɓar makirfo na waje. Danna fuskar mutum ka kulle haske da saiti, in ba haka ba duk motsin da ya yi hoton zai riƙa numfashi.

Zaunar da shi a inda yake aiki, a inuwa, haske na zuwa ta gefen fuskarsa, ba ta bayansa ba. Kyamara daidai tsayin idonsa: in a tabarma yake, kai ma sauko. Zauna dab da wayar ya riƙa kallonka kai. In da waya biyu kake aiki, tafa hannu sau ɗaya bayan ka kunna duka biyun. Da wannan tafin za ka haɗa murya da hoto daga baya.

Kafin komai, sa iyafis ka saurara. Kunnen mutum yana tace hayaniya, makirfo ba ya yi. Wannan darasi da tsada na saye shi. A wata mabuga na yi hira da wani dattijo, hannayensa sun rine da baba har gwiwa, shuni ya zauna a tsagar farcensa. Ya ɗauko rawani ɗan Kura ya karkata shi ga rana don in ga ƙyallin, yana ba ni labarin yadda Buzaye ke zuwa daga Nijar su kwana a zaurensu suna jiran kaya. Awa guda muka yi. Na koma gida na kunna, sai ƙarar injin niƙa na bayan katanga, wanda ko lura da shi ban yi ba, ta danne rabin maganar. Na ce zan koma bayan salla. Da na koma, zaman makokinsa na tarar. Yanzu in akwai inji kusa, nakan roƙi mai shi ya kashe na rabin awa in biya shi abin da zai rasa, ko mu canja wuri.

Fara da neman yardarsa a gaban kyamara: ya faɗi sunansa, ya ce ya amince a nuna a intanet. Wannan ya fi takardar da bai iya karantawa ba. Yaro kuwa sai da yardar iyayensa.

Kada ka yi tambayar da amsarta "e" ko "a'a" ce. Kada kuma ka tambayi ra'ayi, tambayi rana: "Baba, ba ni labarin ranar da aka zo auna gonar." "Inna, ranar da kika fara kai shinkafa inji, nawa kika biya, me kika ji?" Roƙe shi ya riƙa maimaita tambayar a cikin amsarsa, don muryarka za a cire. Abu mafi wuya ga Bahaushe shi ne yin shiru in babba na magana. Mun saba da "na'am", "haka ne", "ikon Allah". Duk za su shiga makirfo su hau kan maganarsa. Gaya masa tun farko cewa da kai za ka riƙa amsawa, ba raini ba ne. In ya kai aya, kada ka yi saurin jefa wata tambayar. Ƙirga biyar a zuci. Abin da ya fi daɗi yakan fito ne a wannan shirun.

Hira da matan aure a cikin gida aikin mace ce, da yardar matar da ta maigidanta. Koya wa ƙanwarka ko abokiyar aikinka saitin nan, ta shiga ita kaɗai. In matar ba ta son fuskarta ta fito, a ɗauki hannuwanta a kan aiki, muryarta na tafiya. Sau da yawa ma hakan ya fi kyau.

In wani ya yi zargi, cewa ruwan kamfani ya ɓata masa rijiya ko an danne masa diyya, nemi ɗaya ɓangaren, ka ajiye shaidar cewa ka nema. Ka kuma tuna kai za ka tafi, shi zai kwana a garin. Ma'aikacin da maganarsa za ta iya jawo masa kora, ɓoye fuskarsa da sunansa ko da ya ce ba komai. Kada kuma ka taƙaita kan masu kuka. Saurayin da ya yi aure da albashin kamfanin shi ma ɗan garin ne.

6. HOTUNAN CIKO DA SAUTIN GARI

Duk abin da aka ambata a hira, fita ka ɗauko shi. Kowane abu sau uku: daga nesa, daga tsaka-tsaki, sannan dab da shi. Kowace ɗauka ta kai daƙiƙa 10 ba motsi. Kada ka yi zum, taka da ƙafarka. Kada ka riƙa lilo da waya hagu da dama kamar mai ɗaukar biki.

Sauti ma ɗaukarsa ake yi daban: amon bugu a mabuga, rurin inji, jiniyar tashi daga aiki, kiran salla daga nesa, kukan kurciya da sassafe. Minti ɗaya kowanne. A duk inda ka yi hira kuma, naɗi minti ɗaya na shirun wurin, za ka toshe ramukan da yanka zai bari. A wani fim ɗina, babu wanda ya ce sana'a ta mutu. Amon bugu na bari yana tafiya, rurin inji ya taso a hankali har ya haɗiye shi.

Ga dabarar da ta fi yi mini amfani. Zaɓi wuri ɗaya da ke kallon inda ake gini ko rushewa, ka yi alama a inda ƙafafun sitanda suka tsaya, da fenti a jikin dutse ko gindin bishiya, ka rubuta tsayinsa da lokacin. Duk zuwan da ka yi, ɗauki daƙiƙa 20 daga nan. Bayan wata shida, in ka jera su, mai kallo zai ga canjin da idonsa.

7. ADANA

Kowane dare kwafe abin da ka ɗauka wuri biyu, ka sa kwanan wata da sunan wuri. Kada ka goge daga waya sai ka buɗe kwafin ka ga yana aiki. Kada ka tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, zai matse hoton ya lalace. Yi amfani da kebul ko Xender.

8. TACEWA

Kafin ka buɗe manhaja, saurari hirarrakin duka ka rubuta maganganun da suka tsaya maka da mintin da suke. Yanka takardar, ka jera a tabarma har labarin ya tashi. Sannan ka jera muryoyin kaɗai, ka rufe ido ka saurara. In ya riƙe ka ba hoto, sai ka ɗora hotunan ciko a kan wuraren yanka. A waya CapCut ko KineMaster sun isa. A kwamfuta DaVinci Resolve yana da na kyauta, sai dai yana son inji mai ƙarfi.

Buɗe da mutuminka yana aiki, ba da allon sunan gari ko jawabinka ba. Muryar mai sharhi in ta zama dole, ta tsaya kan shekaru da sunayen wurare. Kada ka yanka maganar mutum ta faɗi abin da bai nufa ba. Kada ka ɗora waƙar wani ba izini, YouTube da Facebook na iya rufe muryar ko su sauke fim ɗin. In akwai mai gurmi ko kukuma a garin, biya shi ya kaɗa maka. Zubin farko zai kai minti 25. Nuna wa mutum biyu da ba su san garin ba, ka lura da inda suka duba wayarsu, ka yanke nan. Sa fassarar Turanci a ƙasa in kana son ya fita waje, layi biyu kawai a lokaci guda.

9. MAYAR DA SHI GIDA

Wanda fim ɗin ke kansa shi zai fara gani, shi kaɗai, a waya, kafin kowa. In ya ce a cire wani abu da zai jawo masa fitina, cire. Sannan dagaci. A Kano, kafin ka nuna wa taro ko ka sayar, je ofishin Hukumar Tace Fina-finai ta jiha, wadda aka kafa a 2001, ka ji ƙa'idarsu.

Daga nan sai majigi. Ari furojekta da lasifika, ka yi hayar ƙaramin janareta ka ajiye shi nesa, ka jawo wuta da doguwar wayar lantarki, ka ɗaure farin zani a bangon makaranta ko ƙofar fada bayan isha'i. A ware wa mata gefensu, ko a yi musu nasu nunin a cikin gida washegari. In babu furojekta, yi magana da mai gidan kallon ƙwallo a ranar da babu wasa. Ka kafa wayarka a gefe tana kallon jama'a, don abin da za su faɗa in sun ga kansu yakan zama farkon fim na gaba. Kafin ka bar garin, tura wa duk wanda ya fito a ciki kwafinsa, ka bar ɗaya a filash a hannun mai cajin waya na bakin kasuwa, ka ce ya ba duk wanda ya nema.